Iskar da Evert Bai Auna Ba

A garinmu Hammarvik, in kana son mutane su juya maka baya ba sai ka yi sata ba. Ka fi su iya wani abu kawai, su kuma gane. Ba za su zage ka ba, a ina suka ga wannan ƙarfin halin? Murmushi za su yi maka, su ce ai ka yi ƙoƙari, sannan su koma hirar ruwan sama. Ni Gunvor a nan aka haife ni, a nan furfura ta same ni, kuma na fi shekara talatin ina koya wa 'yan mata gudun tsallake shinge a ƙungiyar garin. In na faɗi halinmu, ba a bakin wani na ji ba.

Cikin duk 'yan matan da suka bi ta hannuna ɗaya ce tak mai gudu na gaskiya, sauran zuwa suke yi su motsa jiki kafin su sami saurayi. Ita ce Ylva, 'yar ƙanena Evert. Uwarta ta rasu tana da shekara tara. Evert bai san yadda ake yi da yarinya mai kuka ba, sai ya goyo ta a bayan keke ya dire mini ita a bakin fili. Na jera mata ƙananan shingaye don dai ta yi shiru. Sauran yara in sun zo shinge tashi suke yi sama su faɗo tim, ita kuwa wucewa ta yi ta kansu kamar babu su, kanta ko motsi ba ya yi. Ranar na koma gida na kasa cin abinci don murna.

Evert mutumin kirki ne. Haka kowa yake cewa, kuma shi ne babban ciwonsa. Ya ƙare ƙuruciyarsa a kamfanin takarda, bai taɓa makara ba, bai taɓa ɗaga murya ba. In ka taka shi, shi zai ba ka haƙuri. Lokacin da Ylva ta kawo lambarta ta farko daga gasar matasa ta ƙasa, ya karɓa ya jujjuya ta, ya ce madalla. Sannan ya ba ta shawara ta ajiye ta inda ba za a gani ba, don 'yar maƙwabta ma ta yi gudun ba ta samu komai ba, kada ranta ya ɓaci. Yarinya ta ɗauki lambar ta sa a aljihun kabad, ƙarƙashin cokula.

Ƙungiyar tamu ma ba ta fi shi ba. Shugabanmu Lennart ne, mai kantin tabarau, yana gyara wa duk gari gani shi kuwa ba ya hango abin da ya wuce hancinsa. Addininsa guda: kowa daidai yake da kowa. Komai karɓa-karɓa ake yi, sayar da gahawa, ɗaukar shingaye, sharar ɗakin sauya kaya. Ylva, macen da ta sha shiga zagayen ƙarshe na gasar ƙasa, sai ka gan ta a rumfa tana zuba wa iyayen yara gahawa saboda an zo kanta. Da hunturu, in dusar ƙanƙara ta rufe fili aka koma zauren cikin gida, lokacin da ake ba ta daidai yake da na tsofaffi masu zagaye da sanduna. Na sha roƙon a ƙara mata ko awa guda. Lennart yakan gyara tabarau ya ce, "Tambaya ce mai kyau, Gunvor. Za mu duba." A garinmu ba mai ce maka a'a. Dubawa za su yi ta yi har ka mutu.

Ba zan yi ƙarya in ce Ylva ta kai ta ci duniya ba. Ba ta kai ba, ita ma ta sani. Abu ɗaya take so tun tana yarinya: ta sa rigar ƙasa sau ɗaya a karawar da muke yi da Finland kowace shekara, inda kowace ƙasa ke fito da mata uku, in aka ci kuma duk a ruga a faɗa ramin ruwan da ke cikin fili da kaya a jiki don murna. Mata uku ake ɗauka, ita kuma kullum ta huɗu take zuwa. Shekarar da ƙafarta ke lafiya sai wasu su fi ta, shekarar da ta fi su sai ƙafar ta tashi. Da safe tana gidan tsofaffi tana yi musu wanka, da yamma tana fili. A haka ta kai shekara talatin da ɗaya.

A wannan shekarar likita ya duba agararta ta hagu, ya gaya mata gaskiya: ta ci moriyar wannan bazarar, don babu wata. Kuma a wannan shekarar ce ƙofa ta buɗe. Gurbi biyu sun riga sun tafi, na ukun yana tsakaninta da wata yarinya 'yar birnin Göteborg. Masu zaɓe a Stockholm suka ce ba ruwansu da suna ko shekaru: wadda ta fi saurin gudu kafin daren Lahadi ita za ta sa rigar. Gasar ƙungiyarmu kuwa ranar Asabar ce, a filinmu, inda Ylva ta san kowane taku.

Gudu irin namu yana da sharaɗi guda. Iska in ta bugo ta baya da ƙarfi tana tura mai gudu, don haka ake kafa ma'aunin iska a gefen fili. In aka harba bindigar fara gudu, wanda ke zaune wurin sai ya danna maɓalli, na'ura ta auna, ya rubuta. In iskar ta wuce ƙa'ida, gudun bai karɓu ba. In kuma ba a auna ba sam, to ko tashi kika yi sama kamar tsuntsuwa, a wurin masu zaɓe ba ki yi gudu ba. Aikin ke nan, maɓalli ɗaya. Ɗan yaye ma zai iya.

Na sami Lennart tun ana saura sati, na ce ya sa wanda ya saba a kan ma'aunin.

"Ai kin san tsarinmu," in ji shi. "Kowa da ranarsa. Bana a kan Evert ya faɗa."

Har ma na ji sanyi a raina. Na ce ko ba komai ubanta ne. Duk lalacewar mutum ba zai kasa danna maɓalli don 'yarsa ba.

Abin da ban sani ba shi ne akwai wani karɓa-karɓar kuma. Ma'aikatan fili rukuni-rukuni ake raba su, kowane rukuni yana tura mutum ɗaya rumfa ya karɓo musu gahawa da burodin kirfa. Gahawar la'asar kuwa a wurinmu, ko gida na cin wuta sai an sha ta. An haɗa Evert rukuni ɗaya da mata uku masu auna dogon tsalle, don teburinsu na kusa da kujerarsa. Da safe ɗaya daga cikinsu ta je ta karɓo, da rana wata ta je. Ta la'asar tasa ce. Gudun Ylva ƙarfe uku.

Ni ina can bayan fili ina ɗumama wa Ylva jiki, ban ga komai ba. Daga baya aka ba ni labari, shi da kansa ma ya tabbatar mini, don Evert ba ya ƙarya, wannan ma wani ciwon ne. Ya duba agogo ya ga akwai sauran lokaci. Ya cire kwat ɗinsa ya ninke ya ɗora a kan kujera, ya tafi rumfa. Ya tarar da layi har bakin shingen fili, ya bi baya. Layi na tafiya a hankali, shi ma yana tafiya a hankali. Lasifika ta kira masu tsallake shinge mata su fito, ya ji da kunnensa. A lokacin mutum huɗu ne suka rage a gabansa, ta gaba kuma ta tsaya tana tambayar ko akwai burodin da ba madara a ciki.

Duk wanda ke wannan layin ya san Evert. Duk sun san 'yarsa ce za ta yi gudu, sun san abin da take nema, har jaridar gari ta rubuta. Babu wanda ya juya ya ce masa wuce gaba. Su a ganinsu shisshigi ne, in yana so ai zai tambaya. Shi kuma tambaya ta fi masa mutuwa wuya. Ya buɗe baki ya ce a bar shi ya wuce, sai ka ce ya fi wani? Ya fita daga layin kuwa, ya koma wa mata uku hannu rabbana bayan ya ce zai kawo musu? Ya yi tari sau biyu, wai ko wani zai gane. Sai ya lallashi kansa da cewa wataƙila a ɗan yi jinkiri. A filin da Bosse ke riƙe da bindiga! Bosse wanda ko jana'izar uwarsa da ta makara da minti ɗaya sai da ya yi ƙorafi.

Masu gudun suka durƙusa su shida. Na tsaya daidai shinge na biyar inda na saba tsayawa. Na ɗaga kai na dubi tutar da ke saman rumfar 'yan kallo, tana rataye kamar tsumman wanki, ko kaɗawa ba ta yi. Zuciyata ta ce yau ce.

Bindiga ta tashi. Na shekara ashirin da biyu ina kallon yarinyar nan tana gudu, ban taɓa ganin irin na ranar ba. Shinge na bakwai shi ne maƙiyinta, a nan ƙafa kan yi mata nauyi ta fara karo da katako. Ranar ko shafarsa ba ta yi ba. Ta sauka daga na goma sauran suna can baya suna fama, ta kifa ƙirji ta wuce. Allon agogo ya nuna abin da ba ta taɓa yi ba a rayuwarta, ya kuma fi na 'yar Göteborg, ba da kaɗan ba.

Na yi ihu har muryata ta dishe. 'Yan kallo suka tafa kaɗan-kaɗan, kamar masu tsoron tada jariri, wasu ma ni suke kallo don na cika fili da hayaniya. Ylva ta durƙusa a ƙasa ta rufe fuska da hannu biyu. Mai lasifika ya faɗi sunanta, ya faɗi lokacin da ta yi, ya ce, "Iska kuma..." Bai ƙarasa ba.

Na juya. Kujera na nan, na'ura na nan a kan ƙafafunta uku, kwat a ninke. Can na hango ƙanena yana tahowa ta gefen fili da faranti, kofi huɗu a kai. Tafiya yake a hankali, idonsa a kan kofunan kada su zube.

Ban san lokacin da na isa gabansa ba.

"Ina ka je?"

"Gahawa," in ji shi. Fuskarsa ta yi fari fat kamar takardar kamfaninsu. "Ta la'asar tawa ce. Layin ne ya..."

"Layi! Kai Evert, uwarmu da hankali ta haife ka kuwa? 'Yarka na gudun ranta kana tsaye bayan ƙeyar mutane kana jiran burodi?"

"Gunvor, rage murya, ana jin ki."

"A ji mana! Ajiye farantin nan ka ɗauki biro. Dubi tutar can. Akwai iska? Ko gashin kanka ba ya motsi. Gudun da aka yi kafin nata babu iska, yanzu ma babu. Rubuta abin da ka rubuta ɗazu."

Ya dubi tutar, ya dubi takardar, ya dube ni.

"Ban auna ba," ya ce.

"Kowa a filin nan shaida ne."

"Na sani. Amma ban auna ba, Gunvor. Ba zan rubuta abin da ban auna ba."

Kun ji fa. Mutumin da ba shi da ƙarfin zuciyar cewa a ba shi hanya, yanzu ya sami ƙarfin zuciyar zama waliyyi. Gaskiya aba ce mai kyau, ban musa ba, amma tasa da ƙafar 'yarsa aka biya ta, shi ko ƙwarzane bai samu ba. Wasu za su ce ni ce marar gaskiya da na nemi ya rubuta. Su faɗa. Iskar dai babu ita, wannan ita ce gaskiyar da na sani.

Lennart ya iso yana murza hannu. "To, to, mu kwantar da hankali. Abin takaici ne ƙwarai, amma..."

"A sake gudun," na ce. "Yanzu, tun jikinta da ɗumi. A ba su awa guda su huta, a sake."

Ylva ta zo ta tsaya a bayana, tana ɗan ɗingishi. Na tambaye ta ko ƙafar za ta iya ɗaya kuma. Ta ce za ta iya, in dai yau ne, don ta san gobe ba za ta taku ba. Na bi sauran 'yan matan ɗaya bayan ɗaya, uku suka ce za su sake, har da wata da ta zo daga nesa motarta na jira. Yaran sun fi iyayensu zuciya. Saura mai bindiga, don a duk garin Bosse kaɗai ke da izinin harba ta a gasa.

Na same shi yana goge bindigar zai mayar da ita akwati.

"Ƙarfe huɗu da rabi?" ya ce. "Kash. Ina da wanki."

"Kana da me?"

"Ɗakin wankin gidanmu. Tun makon jiya na kama lokacin, huɗu zuwa bakwai. Kin san yadda gidan haya yake, in ka makara wani ya shige, sai kuma wani satin. Zannuwan gado duk sun taru."

"Bosse, ni zan wanke maka su. Da hannuna. Har wandunan ciki."

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake. "Ba a nan take ba. Sunana ne a kan allo. In ban je ba na hana wani ke nan a banza."

Na koma kan Lennart na ce ya umarce shi ya tsaya. Umarni! Lennart ya ja da baya kamar na miƙa masa maciji. Ya ce shi ba zai yanke hukunci shi kaɗai ba, bari a ji ra'ayin kowa. Aka tara ma'aikatan fili a tsakiyar ciyawa, kowa da kofinsa. Wata ta ce in aka sake wa mata, yaran da suka faɗi a gudun safe fa, su ma ba za su so a sake musu ba? Wani ya ce 'yan ƙwallo sun kama filin daga ƙarfe biyar. Wani ya ce shi dai yana ganin akwai gaskiya a kowane ɓangare. Ana cikin jin ra'ayin kowa na hango Bosse ya ɗaure akwatinsa a bayan keke, ya sa hular kwano, ya ɗaga mana hannu.

Evert kuwa fa? Yana tsaye a gefe, ya riga ya kai wa matan uku gahawarsu, har sun yi masa godiya. Da aka watse ya matso kusa da 'yarsa. Na zuba mata ido. Na so ta shaƙe shi. Na so ta ɗauki shinge ta jefa cikin rumfar gahawar, ta yi abin da za a shekara ana maganarsa.

Ta ce, "Ba komai, Baba. Ya riga ya faru."

Ta ɗauki jakarta. Kafin ta tafi sai da ta taya ɗebe shingaye, don sunanta na cikin masu ɗebewa ranar. Wannan ya fi komai ƙona mini rai. Kafin gari ya waye agarar ta kumbura suntum, ko takalmi ba ya shiga. Daren Lahadi aka fitar da sunaye, 'yar Göteborg ta samu gurbin. Ba na jin haushinta, yarinya ce mai ladabi, kuma a garinsu an danna mata maɓalli.

Bayan sati kwamiti ya zauna a ɗakin ƙungiya, an kawo kek. Lennart ya buɗe taro da cewa ba mai laifi muka zo nema ba, darasi muka zo ɗauka. Aka bar jaki aka yi ta dukan taiki: wai tsari ne ya gaza, wai rumfar ce ta yi ƙanƙanta. Aka amince baki ɗaya cewa daga baɗi za a riƙa kai wa mai ma'aunin iska gahawarsa a flas har kujerarsa, aka naɗa mutum uku su binciko flas ɗin da ya dace. Ihu bayan hari ma ya fi wannan, shi aƙalla ihu ne. Sannan Lennart ya ce yana so a yaba wa Evert bisa riƙon gaskiya a lokaci mai wuya. Suka tafa masa. Ya sunkuyar da kai.

Na miƙe na faɗa musu abin da ke raina. Na ce yarinya ta ba ku shekara ashirin da biyu, ta sayar muku da gahawa, ta share muku ɗaki, ku kun kasa ba ta awa guda. Na ce ba adalci ke gare ku ba, tsoro ne, kun yi masa wanka kun sa masa riga. Duk suka zuba wa farantin kek ido. Yanka ɗaya ya rage, ba mai iya ɗauka. Wata ta raba shi biyu ta ɗauki rabi, wani ya raba rabin ya ɗauki nasa. Magatakarda ya rubuta cewa Gunvor ta bayyana damuwarta. Na bar musu ɗan guntun da ya saura suna ta kallonsa.

Ranar karawa da Finland Ylva ta nemi a sa ta aiki. Ta wuni tana canja wa tsofaffi zannuwa, talabijin na yi a falo, ba ta leƙa ba. Ba ta sake taka filinmu ba. Ni kuwa na ci gaba da jin haushinta a ɓoye, ina cewa jinin ubanta ne, an cuce ta ta ce ba komai. Ashe ban san 'yar ƙanena ba.

Wata Lahadi cikin kaka, ganye ya gama zuba, ina gidanta muna cin abincin rana. Hawa na biyu take, tagar kicin ɗinta na kallon titi. Aka danna ƙararrawa. Ta tashi ta buɗe, daga inda nake ina hango bakin ƙofar. Evert ne, da jakar takarda a hannu. Ya rame, kwalar rigarsa ta yi masa yawa.

"Wucewa nake," ya ce. Gidansa na wancan ƙarshen gari, ba inda zai wuce ta nan. "Na gasa burodi ne, irin wanda mamarki ke yi. Na ce ko..."

"Ayya, Baba, da ka bugo waya tukuna," in ji Ylva. Muryarta lafiya lau, har da murmushi. Ba ta matsa daga bakin ƙofar ba. "Yau ina da baƙuwa."

Ya leƙo ya gan ni. Yayarsa, uwa ɗaya uba ɗaya, ni ce baƙuwar.

"Haka ne, haka ne," ya ce da sauri. "Laifina ne. Wani satin fa?"

"Wani satin ina aiki. Na bayansa ma ban tabbata ba. Bari in duba, zan sanar da kai."

"Ba damuwa. Duk lokacin da ya yi miki. Zan jira."

"Na gode da ka leƙo, Baba."

Ta rufe ƙofar a hankali, ko ƙara ba ta yi ba. Ta dawo ta zauna ta ɗauki cokalinta. Na tambaye ta sau nawa ke nan. Ta ce tun watan takwas yake bugowa, ita kuma tana dubawa.

"Har yaushe?"

"Ban sani ba, Goggo," ta ce. "In ya ce in buɗe, zan buɗe. Sau ɗaya kawai nake so in ji ya nemi abu da bakinsa. Ci abincinki kada ya huce."

Fushin da na yi ta roƙo ya zo, amma da kayan garinmu ya zo, ya kuma fi zagi muni. Na tsani abin da suka mai da ita, na kuma ji tausayin wancan sakaran, duk da ban so ba. Tun yana rarrafe nake ɗaukarsa.

Na tashi na je taga. Yana ƙasa, ya sa jakar burodin a kwandon keke, yana kokawa da igiyar hular kwano. Na banke tagar na zura kai.

"Evert!" na ƙwala masa kira, duk titin ya amsa. "Hawo! Hawo ka buga ƙofar nan da ƙafa! 'Yarka ce, kai lusari! Ce mata ta buɗe kawai, za ta buɗe!"

A bayana na ji ƙarar cokali ta tsaya. Ylva ta daina ci, tana saurare.

Ya ɗago kai ya dube ni. Ya saki keken da hannu ɗaya, har na ga ƙafarsa ta juya wajen ƙofar gidan. Sai labulen wata taga a hawa na farko ya motsa. Ya kalli labulen. Ya ɗora yatsa a kan leɓensa, ya nuna mini tagogin maƙwabta, ya sunkuya kaɗan yana ba su haƙuri. Sannan ya hau kekensa, ya miƙa hannu ya nuna zai karya kwana duk da ba kowa a titin, ya tafi.